Masu Bi a Ƙasar Arewa: Tsakanin Samu da Gajiya

Wanda ya bi Dallol Mawri daga Matankari ya gangara kudu, ya ratsa Dogon Dutsi da Kiyeshe da Kore Mairuwa har ya kai Tibiri da Gesheme, to ya bi ta tsakiyar ƙasar da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai iya lanƙwasawa ba. A ƙarni na 19 Arawa sun fi karkata ga Kabi, suka yi ta fafatawa da Gwandu, kuma galibin talakawansu suka ci gaba da bin al'adar iyaye da kakanni. Sarauniya tana Lugu, Baura yana Bagaji, ana kai ƙara gaban dutsen Tunguma, bori kuwa yana ko'ina. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu ta ƙone garin, bayan Sarauniya Mangu da mutanenta sun yi tsayin daka. A 1906 Faransawa suka mai da Dogon Dutsi mazaunin mulkinsu a yankin, sarautar Arewa ma ta baro Matankari ta dawo can.

Wannan tarihi ne ya sa 'yan mishan suka ɗora wa Arewa dogon buri. A lissafinsu, mutanen da suka ƙi miƙa wuya ga tutar Sakkwato za su fi saurin karɓar bishara fiye da mutanen Damagaram ko Katsina, inda malamai suka daɗe da kafuwa. Lissafin bai fita yadda suka zata ba, kuma a cikin rashin fitarsa ne labarin Kiristocin wannan ƙasa yake.

Sai mu ɗan koma baya. Ranar 4 ga Disamba 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Babu wata babbar ƙungiya a bayansu, babu kuɗin kirki a hannunsu. Kafin 1894 ta ƙare, Kent ya rasu a Bida, Gowans ya rasu a Girku, daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jika. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 ƙungiyar da ta zama Sudan Interior Mission, wadda kowa ya sani da SIM, ta samu wurin zama a Patigi, a ƙasar Nufe. Wato tun daga tushe, da kaburbura da komawa gida hannu rabbana aka soma.

SIM ta shigo Nijar a 1924, ta sauka Damagaram. A 1928 ta buɗe tasha a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi, inda David Osborne ya daɗe yana aiki. Kada mai karatu ya rikita wannan Tsibiri da Tibirin Arewa: sunan ne ya yi kama, amma tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Faransawa ba su yi maraba da baƙin ba. Mutane ne masu jin Ingilishi, masu kai da komo zuwa Kano da Jos, kuma sun iya Hausa fiye da kwamandan da ke mulkin garin. Dokar 14 ga Fabrairu 1922 ta riga ta ce duk makaranta mai zaman kanta a Afirka ta Yamma ta Faransa da Faransanci za ta koyar, alhali 'yan SIM da Hausa suke komai, musamman bayan da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, mulkin Nijar ya faɗa hannun gwamnatin Vichy daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, sai zargi ya ƙaru, aka riƙa yi musu kallon 'yan leƙen asirin Ingila, aka takura musu zirga-zirga.

Ta ɓangaren Katolika, Fada François Faroud ya isa Yamai a 1931. Bayan yaƙi limaman ƙungiyar Redemptoris suka karɓi aikin, kuma a ƙarshen shekarun 1940 suka kafa mishan a Dogon Dutsi. SIM ma ta samu gindin zama a Dogon Dutsi da Gesheme, inda ɗakin shan maganinta ya yi suna. Haka ƙasar Arewa ta samu gidajen mishan iri biyu, masu bambancin koyarwa da bambancin harshe, amma da fata iri ɗaya.

To me ya faru? Arawa sun bar al'adar kakanni, gaskiya ne, amma masallaci suka nufa. Abin da takobi bai yi ba a ƙarni na 19, fatauci da hanyar mota da cin rani suka yi shi a ƙarni na 20. Saurayi ya tafi Sakkwato ko Kano ko Kumasi neman kuɗi, ya tarar mai salla ake ba bashi, shi ake ba masauki, da shi ake cin abinci a ƙwarya ɗaya. Ya dawo gida da buta da carbi da sabuwar riga. Sarakuna ma suka ga cewa martaba a idon gwamnati da idon sauran ƙasar Hausa tana tare da Musulunci. Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980 tana nazarin bori, ta tarar da 'yan bori suna kukan cewa salla ta ɓata musu komai, kuma daga wannan kuka ta samo sunan littafinta na 2001. 'Yan mishan da suka zo da zaton girbi mai yawa, suna zaune aka yi girbin a gabansu, aka kai wani rumbu. Wanda duk ya taɓa ba da ƙuruciyarsa ga wani aiki ya san irin nauyin da wannan ke ɗora wa zuciya.

Amma ni ba gajiyar Bature ce ta fi damuna ba. Shi yana da hutun da zai tafi gida, yana da masu rubuto masa wasiƙa, in lafiya ta ƙi yana da jirgin da zai ɗauke shi. Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne ɗan ƙasa da ya ce ya bi, a ƙauye irin na karkarar Kiyeshe, inda kowa ya san uban kowa.

Mutum a ƙauyen Arewa ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Gonarsa ta gandu ce, noma da gayya ake yi, rijiya ta kowa ce, aure kuma dangi ke ƙulla shi. Ranar da ya karɓi baftisma, duk waɗannan igiyoyi sai su ja. Wa zai ba shi 'ya? In ya samu haihuwa, wa zai zo suna, kuma wa zai yanka ragon har maƙwabta su yarda su ci? In yana da mata biyu tun kafin ya ji bishara, ikilisiya ta ce ɗaya ce tasa, to ɗayar fa, uwar 'ya'yansa, ina za ta? In ya mutu, wa zai wanke shi, a ina za a sa shi? Ga zancen gado, wanda ya raba 'yan'uwa da yawa. A zamanin da bori ke da ƙarfi, in yaronsa ya kwanta ciwo, uwarsa da gwaggonninsa za su taso masa da cewa iskokin gida ne ya yi wa laifi, a kira mai goge a ba su hakkinsu. Ya ƙi. In yaron ya tashi, a ce sa'a ce. In ya rasu, a ce ga abin da muka faɗa. Babu wanda ya doke shi, babu wanda ya kore shi daga gari, domin Arewa ƙasa ce da ta saba da zaman addini fiye da ɗaya a gida guda. Abin da ke cin sa shi ne kaɗaici na yau da gobe: a kira shi ɗan mishan, a yi shiru in ya iso dandali, Lahadi ta zo ya ajiye hauya shi da mutum biyar ko shida su taru a rumfa, alhali ranar Juma'a gari duka ke fita. Irin wannan gwaji ba na yini ɗaya ba ne da mutum zai ɗaure ya wuce. Na shekara talatin ne, na arba'in.

Mata suka fi ɗaukar nauyin. Su ke zuwa rijiya, su ke zuwa barka da biki da gaisuwar mutuwa, su ke jin habaici a bakin turmi. Kuma su ne suka riƙe majami'u. Zumuntar Mata, da kiɗan tulu da shantu da waƙoƙin da suka tsara da Hausar gida, ita ta sa sujada ta daina kama da kayan aro. Duk wanda ya san majami'un Hausa, daga Gesheme har Kano, ya san cewa ranar da mata suka yi sanyi, ikilisiya ta yi sanyi.

Sai samu ya zo, ta ƙofar magani da ta makaranta. A 1950 Dokta Burt Long ya buɗe asibitin Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa, wanda har yau ake zuwa daga lunguna masu nisa, har da Nijeriya. A 1956 aka buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi. Lakwal ɗin mishan ta Katolika a Dogon Dutsi ta yaye yara masu yawa da suka zama mushe da ma'aikatan lafiya da ma'aikatan gwamnati, kuma akasarinsu 'ya'yan Musulmi ne da suka shiga Musulmi suka fita Musulmi. Bishop Hippolyte Berlier, wanda ya jagoranci Katolikan Nijar daga 1961 zuwa 1984, ya ɗauki wannan a matsayin hidima da zaman lafiya da maƙwabci, ba asara ba. Ana iya yi masa gardama, an kuma yi. Amma yana da kyau a lura cewa ma'aikacin asibiti da ya wanke gyambon mutum dubu, bai ga ko goma sun zo majami'a ba, ya kuma tashi washegari ya sake ɗaura farar riga, shi ma yana cikin masu riƙon amana.

A ɓangaren SIM, makaranta ta zama abin rikici tsakanin Turawa da 'yan ƙasa. Turawan sun fi son makarantun Littafi Mai Tsarki da Hausa, irin ta Tsibiri da ta Agiye, don a samu masu bishara na ƙauye. Suna tsoron kada boko ya janye yaran zuwa birni da neman duniya. Iyaye Kiristoci kuwa suna kallon 'ya'yan wasu suna samun takardar Faransanci suna shiga ofis, nasu suna nan da karatun da gwamnati ba ta san da shi ba. Barbara Cooper ta bi diddigin wannan takaddama a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi. A ganina iyayen ne ke da gaskiya: ba daidai ba ne wanda ya yi karatu a ƙasarsu ya zo ya ce wa talaka jahilcin Faransanci ne zai tsare masa bangaskiya. Amma tsoron Turawan ma ba na banza ba ne, kamar yadda abin da ya biyo baya ya nuna.

Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma a wannan tsakani majami'un da SIM ta kafa suka haɗu a ƙarƙashin ikilisiya ta 'yan ƙasa, EERN. Ƙarama ce, matalauciya ce, amma ɗaya ce, daga Arewa har Damagaram. Fastocinta manoma ne. Taron shekara kan haɗa mutumin Gesheme da na Tsibiri da na Damagaram a tabarma ɗaya.

Fari na 1973 da 1974 ya girgiza ƙasar har ya taimaka wajen faɗuwar Diori Hamani a Afrilun 1974. Bayan shekara goma aka shiga yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa sunan Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. A cikin wannan ƙunci ne labarin Tony Rinaudo ya faru, kuma ko da yake a Maraɗi ne, ya shafi duk manomin da ke da gawo a gonarsa. Rinaudo ɗan Ostareliya ne da ya zo ƙarƙashin SIM a 1981 don dashen itatuwa. Ya dasa, rana da iska da awaki da gara suka cinye. Bayan shekara biyu yana wannan wahala, ya kai ga tunanin tattara kayansa. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin ranar da ya tsaya a hanya a 1983 don rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, ya yi addu'a cikin karayar zuciya, sannan ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi reshe mai ƙarfi a bar shi, a rage sauran. Manoma suka kira shi sassabin zamani. Da farko dariya aka yi masa. A lokacin yunwa mutane suka yarda saboda ana ba da hatsi, da yunwa ta wuce da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka ga itacen girki da abincin dabbobi da ƙarin amfanin gona, sai abin ya yaɗu daga manomi zuwa manomi. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a kudancin Nijar ta wannan hanya. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, kusan shekara ashirin bayan ya bar ƙasar.

Shekarun yunwa sun kawo wani abu dabam: kuɗin agaji. Ƙungiyoyin waje suna neman hannun da za su bi su kai hatsi da rijiyoyi da ayyukan raya karkara, ikilisiya kuwa tana da mutane masu ilimi da aka yarda da su. Nan da nan shugabancin ikilisiya ya zama kujera mai mota da ofis da tafiye-tafiye zuwa waje. Tambayoyin da ba a taɓa yi ba suka taso: wa ke riƙe da asusu, ɗan wane yanki ne aka tura karatu, wa ke da gidajen da mishan ta bari. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, EERN ta dare, aka samu UEEPN da ikilisiyar Salama a gefenta. Kowane ɓangare yana da hujjojinsa, kuma ba niyyata ba ce in tono wanda ya fara. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne wannan: jama'ar da ba ta kai ɗaya cikin ɗari na 'yan ƙasa ba, wadda ta jure kallon raini da mulkin Vichy da yunwa biyu ba ta tsage ba, ta zo ta tsage a lokacin da hannunta ya fara jin maiƙo. Ba sabanin koyarwa ba ne, domin littafi ɗaya suke karantawa, waƙoƙi ɗaya suke rerawa. Manzo Bulus ya gaya wa Filibiyawa cewa shi ya koyi zaman ƙoshi kamar yadda ya koyi zaman yunwa. Masu bi na Nijar sun ƙware a darasi na biyu tun da wuri, na farkon ne ya ba su wuya.

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi, kowa ya fito da lasifikarsa. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Dogon Dutsi har ta raba kan Musulmin garin da kansu, bori ya ƙara ja da baya. Sabbin majami'u masu zafin wa'azi suka shigo daga Nijeriya da Benin da Burkina Faso da Amurka, wasunsu da alkawarin cewa mai bangaskiya ba ya talauci ba ya ciwo. Ga matashin da faɗuwar darajar sefa ta Janairun 1994 ta bari ba aiki, wannan magana ce mai daɗin ji. Amma in aka auna ta da rayuwar tsohon mai bishara na ƙauye, wanda ya tsufa da keke ɗaya da riga biyu, sai ta zama zagi gare shi, kamar talaucinsa shaida ce ta ƙarancin bangaskiya. Ban yarda da haka ba ko kaɗan.

Zafin ya fito fili a Nuwamban 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi aka kai wa majami'a da gidan mishan hari. Mafi muni ya zo ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, wanda Kiristocin Nijar ba su da hannu a cikinsa ko na sisin kwabo. A Damagaram da Yamai mutum goma suka rasa rayukansu, kuma 'yan sanda suka ce majami'u 45 aka ƙone a Yamai. Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi tir da abin, aka yi zaman makoki na kwana uku. Dole a faɗi cewa Musulmi da dama sun ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu, wasu sun tsaya a ƙofar gida sun hana a shiga. Shugabannin majami'u suka fito suka ce sun yafe, aka koma sujada a cikin gine-ginen da hayaƙi ya baƙanta, wasu a ƙarƙashin rumfa. A cikin wannan shekara aka yi bikin naɗa Laurent Lompo babban bishop na Yamai, ɗan Nijar na farko da ya hau wannan kujera.

Tun daga nan rashin tsaro ya ƙara matsowa. An sace Jeffery Woodke a Abalak a 2016, bai samu kansa ba sai 2023. An sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a Satumban 2018, ya yi shekara biyu a hannun masu bindiga. Arewacin Dogon Dutsi, wajen Dogon Kiriya da Sukukutan, shi ma ya ɗanɗani hare-hare, kuma Musulmi da Kirista duk suna cikin wannan fargaba. Baƙi Turawa sun rage shiga karkara ƙwarai. A 2024 SIM ta cika shekara ɗari a Nijar, amma ragamar majami'un Arewa ta daɗe a hannun 'ya'yan ƙasa, jikokin waɗanda aka fara kira 'yan mishan. Yaran da suka yi lakwal suna Yamai da Doso, wasu sun ƙetara Nijeriya, ƙauye ya rage wa tsofaffi da mata da ƙananan yara. Faston ƙauye yana noma gonarsa kamar kowa, abin da yake samu daga ikilisiya kuwa ya dogara ga baikon kaka, damman gero da kwanon wake da masu bi suka kawo. Shekarar da damina ta yi gardama a Dallol Mawri, shi ma sai ya ƙidaya abin da ya rage a rumbu ya ga ko zai kai iyalinsa zuwa wata shuka.